Asabar a Gidan Majigi

Duk layin kasuwar nan, Kwaɗo ake ce masa. Ba wai ya yi kama da na ruwa ba ne, a'a, shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, kwaɗuna rataye a bayansa manya da ƙanana, yana yankan makulli yana lallashin ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Wanda ya laƙaba masa sunan kuwa amininsa ne tun suna samari, wani dogon mutum mai sanƙo da ake kira Majigi, don shi ke kunna na'urar haska fim a tsohuwar silimar garin kafin a rufe ta a mayar da ita wurin ajiyar siminti. Da silima ta mutu sai Majigi ya koma gyaran rediyo da talabijin da rikoda a gidansa, amma sunan ya ƙi sakinsa.

Kowace Asabar, da ƙarfe biyu ta yi, Kwaɗo zai ja ƙofar shago ya hau bas zuwa gidan Majigi, hawa na uku a wani tsohon bene mai matakala masu duhu ko da tsakar rana. Abu ɗaya suke yi. Majigi zai ja labulen falo, ya cusa kaset a bidiyo, su kalli wani tsohon fim baƙi da fari wanda ya haska ya fi sau ɗari a zamanin silima. Ba harbi a cikinsa, ba tseren mota. Wasu abokai ne uku da ke haɗuwa bayan an tashi aiki, kowa na ƙorafin gidansa da maigidansa na wurin aiki da takalmin da ke matse masa ƙafa. Da suna samari dariya fim ɗin yake ba su. Yanzu sukan yi shiru a wuraren da a da suke ƙyalƙyalewa.

A watannin nan Kwaɗo ya fi kowane lokaci buƙatar Asabar ɗin, don gidansa ya ishe shi. Ba faɗa suke yi da matarsa ba, da ma a ce faɗan ne. Maman 'Yan Biyu tela ce, a falo take ɗinki, tun safe keken ke kuka har ya dawo. Zare a kan kujera, zare a cikin shayi, allura a inda mutum zai zauna. Famfon banɗaki na ɗiga wata na huɗu, kullum sai ta ce a gyara, kullum sai ya ce to. 'Yan biyun, shekararsu goma sha ɗaya, ba su da aiki sai rigima kan wa ya taɓa littafin wa. Idan ya shigo, ta ce sannu da zuwa ba tare da ta ɗago daga keken ba, shi ma ya amsa yana kallon takalminsa. Akwai wani ɗan ɗaki da ba kowa a bayan shagonsa, har ya kai ga auna shi da ido, yana lissafin ko katifa za ta shiga.

Gidan Majigi kuwa, a ganinsa, nan ne ake aure. Matar Majigi, wadda kowa ke kira Malama saboda ta taɓa koyarwa, ba ta da hayaniya. Suna kallo za ka jiyo ta can cikin kicin, a ƙarshen wani ɗan lungu da aka rufe da labule mai ruwan ƙasa: ƙarar murfin tukunya, ruwa na zuba, wani lokaci 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da ba a jin kalmominta. Sai ka ji hankalinka ya kwanta.

Wata Asabar da ake yayyafi Kwaɗo ya hau benen yana haki. Takalman Malama na nan a bakin ƙofa, a jere, inda ya saba ganinsu. Majigi ya buɗe masa da murmushi.

"Kwaɗon ƙofa, ba na ruwa ba! Yau ga ruwa ya same ka har gida."

"Bar ni, mutumina. Yau wata ta kawo mini makulli a karye gida biyu, wai in haɗa mata da gam."

Falon na warin dalma da ƙura. Talabijin matattu guda shida na jere a jikin bango, fuskokinsu baƙi, kowace na nuna mutum a karkace idan ya gifta. Majigi ya zauna a kujerarsa ta kullum, mai hannu ɗaya a ɓalle, ya juya wajen lungun ya ɗaga murya.

"Malama! Ga Kwaɗo nan yana gaisuwa."

Ruwan da ke zuba a kicin ya tsaya. "A'a, sannu da zuwa! Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Malama. Suna gaishe ki."

"Madalla. 'Yan biyu fa, sun fara tafiya kuwa?"

Kwaɗo ya yi dariya. "Tafiya? Ai har sun fara fin ƙarfina!"

Ba ta amsa ba. Murfin tukunya ya yi ƙara, ruwa ya ci gaba da zuba. Majigi ya yi tari ya miƙe da sauri ya danna bidiyon. "Ka san ta da zolaya," ya ce.

Da fim ya kai rabi Majigi ya shiga lungun ya fito da tire, shinkafa da miya. Gishiri ya ɗan yi yawa, shinkafar ta kama ta ƙasa. Kwaɗo bai ce komai ba, ya ga kwana biyun nan hannun Malama ya canza, kuma ba a faɗa wa mutum haka a gidansa. Yana cikin ci ne ya jiyo wata ƙara daga wajen kicin ɗin, nesa-nesa, kamar ta shigo ta taga: kukan injin tsaga katako, mai tashi ya yi tsini ya sauka. Ya san ƙarar nan sarai. Ma'aikatar katakon da ke bayan benen ce. Ya ci gaba da tauna, sai can loma ta tsaya masa a baki, don ya tuna ma'aikatar ta ƙone shekara bakwai da suka wuce, yanzu wurin filin ajiye motoci ne.

Ya dubi Majigi. Hasken talabijin na wasa a kan sanƙonsa, leɓunansa na motsi yana bin maganar 'yan fim ɗin. Kwaɗo ya ce wa kansa wataƙila wani ne ke yanka katako a maƙwabta. Da zai tafi ya yi wa Malama sallama daga falo, ta ce ya gaida gida. A bakin ƙofa ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalminsa, idonsa ya faɗa cikin nata takalman. Akwai ƙura kwance a cikinsu, da yanar gizo siririya daga wannan zuwa wancan.

Ranar Laraba aka kira shi aiki a wata makarantar firamare can ƙarshen gari, inda bas ke juyawa. Makullin ɗakin ajiyar littattafai ne ya ɓata. Ya durƙusa a gaban ƙofar da magagari da 'yar waya, yara na karatu da ƙarfi a ajin da ke kusa. Aka buga ƙararrawa, yara suka fito kamar an ɓalle su, sai wata murya ta ce a bayansa, "A'a. Baban 'Yan Biyu?"

Ya juyo. Malama ce, da alli a yatsunta, da littattafai a ƙirji. Ta ɗan rame, ta sa tabarau da bai san ta da shi ba.

"Malama! Ashe kin koma koyarwa? Shi ne Majigi bai faɗa mini ba. Kullum daga can kike zuwa nan? Ai da nisa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. "Daga ina?"

"Daga gida mana."

"Gidan yayata nake, nan bayan makarantar. Wata bakwai ke nan." Ta gyara riƙon littattafan. "Kana nufin ba ka sani ba?"

Kwaɗo ya ji wayar ta zame daga hannunsa. Ya yi 'yar dariya, irin wadda mutum ke yi idan bai gane wasan da ake masa ba. "Haba Malama. Ranar Asabar ɗin nan fa muka gaisa. Kina kicin. Har kika tambaye ni ko 'yan biyu sun fara tafiya."

Fuskarta ta sauya. Ta ja wata 'yar kujerar yara ta zauna a kai. "Rabon da in taka benen nan wata bakwai, wallahi. Ko cokali ban koma ɗauka ba."

Can wani aji ana share allo.

"Me ya yi miki?" Kwaɗo ya tambaya a hankali.

"Bai yi mini komai ba. Abin da kowa ke tambaya ke nan, kuma amsar ce ke sa a ɗauke ni mahaukaciya. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shekara ashirin da uku ina magana da ƙeyarsa. In ce masa kaza, ya ce uhm, idonsa na cikin rediyon wani. Da 'yarmu tana gida ban damu sosai ba, akwai wadda za ta amsa mini. Da ta tafi karatu, sai na wayi gari na ga zan iya yin sati ban ji an kira ni ba sai in abinci ake nema. Rannan na tsaya a bayansa na ce masa zan tafi. Sau uku na faɗa. Ka san me ya ce? Ya ce in sayo masa batir."

Ta miƙe ta karkaɗe allin hannunta. "Ban san wa ka ji a kicin ɗin nan ba, Baban 'Yan Biyu. Amma ba ni ba ce. Don Allah ka je ka duba shi."

Kwana uku Kwaɗo ya yi yana ɓata makullan mutane. Ya yanka wa wani direba makulli sau uku bai shiga ba, har mutumin ya tambaye shi ko yau ya fara. Duk inda ya ji ruwa na zuba sai tsikar jikinsa ta tashi. Ya so ya faɗa wa Maman 'Yan Biyu, ya tsaya a bayanta tana ɗinki, amma ya rasa ta inda ake fara magana da ita, sai ya wuce.

Asabar ta zo da rana tarwai, amma matakalar benen na nan da duhunta. Ya hau a hankali yana riƙe da bango. Tun daga hawa na biyu ya fara jiyo waƙar nan ƙasa-ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ƙwanƙwasa ba tukuna, sai ya ji muryar Majigi a ciki, a tausashe, irin yadda bai taɓa jin ya yi magana ba.

"Haka ne. Gaskiyarki. To me kika ce mata?"

Muryar Malama ta ci gaba da wani labari a kan wata maƙwabciya da bokitin wanki.

"Kai! Ba ta kyauta ba," in ji Majigi.

Kwaɗo ya ƙwanƙwasa. Komai ya ɗauke ɗif. Majigi ya buɗe da murmushinsa na kullum, ya riga ya ja labule, falon duhu sai hasken talabijin ɗaya. Suka zauna. Wannan karon Kwaɗo bai kalli fuskar abokinsa ba, ƙafarsa ya kalla. Da Majigi ya juya ya ce, "Malama, ga Kwaɗo," sai babban yatsan ƙafarsa ya danna wani ɗan tudu a ƙarƙashin darduma, kusa da ƙafar kujera. Nan take ruwa ya fara zuba a kicin.

"Sannu da zuwa! Yau kun yi latti."

Kwaɗo ya miƙe.

"Ina za ka?" in ji Majigi.

"Zan gaishe ta."

"Ai kun gaisa. Zauna, ka san ba ta son a shigar mata kicin."

"Na daɗe ban gan ta ba, mutumina."

"Kwaɗo." Majigi ya yunƙura daga kujerarsa. "Don girman Allah ka zauna."

Lungun bai fi taku shida ba, amma Kwaɗo ya ji kamar ba zai ƙare ba. Wata siririyar waya baƙa na bin gindin bango, an kafe ta da ƙananan ƙusoshi a tsanake, aikin gwani. Yana matsawa muryar na ƙara kusantowa, tana waƙa, cokali na bugun gefen tukunya. Labulen mai ruwan ƙasa bai motsa ba ko kaɗan. Ya sa hannu ya yaye.

Ba kowa. Murhu a kashe, famfo a bushe. A tsakiyar kicin ɗin an ajiye wata kujera mai tsayi, a kanta wata tsohuwar rikoda, an ɗora ta a kan littattafai har ta kai daidai tsayin bakin mutum in yana tsaye gaban murhu. Kaset na juyawa a cikinta a hankali. A gefe kwalaye huɗu ne cike da kasakasai, kowanne da kwanan wata a rubuce da hannun Majigi. A kan tebur an rufe wani faranti da wani, da cokali a gefensa, da kofin ruwa cike, an ja kujera baya kaɗan kamar yanzu mai ita za ta zauna.

Kwaɗo na tsaye kamar an dasa shi, sai ya ji ƙofa ta buɗe a cikin rikodar, wata mace ta shigo da dariya. Ya san dariyar kafin ya san mai ita. Matarsa ce, da muryarta ta shekarun baya, lokacin da takan biyo shi gidan nan da jarirai biyu.

"Wallahi Malama, mutumin nan ya ishe ni da surutu," in ji muryar. "Tun da ya dawo daga shago bakinsa ba ya hutawa. Sai ya ba ni labarin kowane makulli da ya yanka, da wanda ya kawo shi, da irin hular da ya sa. In ce masa barci nake ji, ya ce saura ɗaya."

"Ki gode wa Allah," in ji muryar Malama.

Can nesa, daga falo, wani saurayin mutum ya ƙyalƙyale da dariya. Sai da Kwaɗo ya saurara sosai ya gane shi ne.

Hannu ya zo ta kafaɗarsa ya danna maɓalli. Shirun da ya biyo baya ya fi muryoyin ban tsoro. Majigi ya jingina da firij, ya zame a hankali har ya zauna a ƙasa, dogayen ƙafafunsa a miƙe.

"Na haɗu da ita ranar Laraba," in ji Kwaɗo.

"Tana lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta sa tabarau."

"Tabarau," Majigi ya maimaita, kamar an ba shi labarin wata ƙasa. Ya shafa sanƙonsa. "Ka san duk rikodar da na gyara sai na gwada ta kafin in mayar wa mai ita. Sai in sa kaset in ajiye a nan in danna, in koma aikina. In na dawo in saurari minti ɗaya, in ji tana ɗauka, in jefa kaset ɗin a kwali. Shekara da shekaru. Ban taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba. Da ta tafi, sati biyu ban iya zama a gidan nan ba, shirun kamar zai danne ni. Rannan ina neman wata waya na ci karo da kwalayen."

Ya ɗago ya dubi abokinsa. Idanunsa a bushe suke, suna wani irin ƙyalli. "Kwaɗo, ashe magana take yi mini. Duk tsawon shekarun nan. Akwai inda take ba ni labarin mafarkin da ta yi. Akwai inda ta ce haƙorinta na ciwo, kwana huɗu a jere tana faɗa. Kana jin ni can a falo ina cewa uhm. Yanzu ina amsa mata. Duk abin da ta tambaya na amsa, na kusa gama kwali na uku."

"Ba ta jin ka, mutumina."

"Na sani. Kana tsammanin na haukace ne? Wani lokaci dai, in na kashe, sai in ji kamar an ajiye cokali."

Kwaɗo ya tafi falo ya yaye labulen duka, ya buɗe tagogi, rana ta shigo ta fallasa ƙurar da ke kan komai. Ya dawo ya ɗauke farantin da ke kan tebur, bai buɗe ba ya juye a kwandon shara, ya wanke. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da abokinsa, kafaɗa da kafaɗa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai da kake zuwa nan don ka huta da naka gidan? Kullum sai ka ce, Majigi ka dace. In ce maka me?"

Suka zauna a nan har inuwar taga ta matsa daga firij zuwa ƙofa. Kafin Kwaɗo ya tafi sai da ya sa Majigi ya ba shi lambar wayar 'yarsa, kuma ya tsaya a kansa ya ci burodi da shayi.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Tun daga tsakar bene ya jiyo keken ɗinki, sai ya ji tsoron kar dai ƙarar ce kawai ba kowa a ciki, ya ƙara sauri, ya tura ƙofa da ƙarfi har ta bugi bango. Tana nan. Ta ɗago a firgice, da fil biyu a baki. Ya tsaya yana kallonta. Akwai furfura a gefen kanta da bai san ranar da ta fito ba, yatsanta ɗaya kuma naɗe da tsumma.

"Lafiya?" ta ce, bayan ta cire fil ɗin.

"Malama ta bar gidan Majigi. Wata bakwai."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ita ta kira ni ranar da ta tafi. Na faɗa maka a daren, kana cire takalmi. Na sake faɗa maka da safe, na ce ka je ka ga abokinka. Ka ce to." Ta mayar da idonta kan rigar da take ɗinkawa. "Da na ga kana ta zuwa Asabar ba ka ce komai ba, na ɗauka ba ka son zancen ne."

Kwaɗo ya janye tarin yadi daga kan kujera ya zauna. Ya lalubi ranar a cikin kansa, bai same ta ba, ko alamarta. Ya ba ta labarin duk abin da ya gani, da wayar, da rikodar, da farantin. Har muryarta da ya ji a kaset ɗin sai da ya faɗa mata. Ba ta yi dariya ba. Ta cire ƙafarta daga kan keken.

"Tun da yau kunnenka a buɗe yake, bari in faɗa maka nawa," ta ce. "Akwai wani shagon ɗinki a cikin gari da suke neman mai yanka. Na je, sun ɗauke ni, farkon wata zan fara. Kuma na je na ga wani ɗaki kusa da wurin. Ban karɓa ba. Ban kuma ce ba na so ba."

Ya ji kamar an zare masa kujerar. Duk watannin nan da yake auna ɗakin bayan shago, bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ma tana da ido ba.

"Me ya sami yatsanki?" ya ce, don shi ne abin da ya iya fitowa.

"Allura ce ta shige. Sati biyu ke nan."

"Mu gani."

Ta yi kamar ba za ta ba shi ba, sannan ta miƙo.

'Yar Majigi ta zo bayan kwana biyar, ta yi kuka a kicin ɗin, ta tattara mahaifinta ta tafi da shi garin da take karatu, ya yi wata biyu a can yana ganin likita. Da Malama ta ji yadda abin yake, ba ta ce za ta koma ba, kuma ba ta koma ba. Ta aiko dai a kawo mata kasakasan, ta ce muryarta ce, ba ta yarda ta zauna a gidan da ita ba ta ciki ba. Kwaɗo ne ya kai su a tasi. Ta sa aka jera kwalayen a ƙarƙashin gadonta, ta raka shi bakin ƙofa, ta tambaye shi ko Majigi na shan maganin hawan jininsa. Ya ce zai bincika.

Majigi ya dawo ya ƙara ramewa, ya saki benen ya kama ɗaki ɗaya a ƙasa, kusa da kasuwa, inda hayaniya ba ta yankewa. Yakan zo shagon Kwaɗo da rana ya zauna a kan benci, ya yi ta yi wa masu kawo makulli tambayoyi, daga ina suke, ya aka yi ya ɓata, har wasu su ƙosa. Wani lokaci yana tsakiyar magana sai ya tsaya ya karkata kai gefe, kamar an kira shi daga wani ɗaki. Kwaɗo ya koyi ya taɓa masa gwiwa, shi kuma sai ya dawo ya ce, "Ina muka tsaya?"

Maman 'Yan Biyu ta fara aiki farkon wata. Ranar farko Kwaɗo ya raka ta tashar bas, yana riƙe mata jakar almakashi. Suna tsaye cikin mutane ya tambaye ta zancen ɗakin.

"Mai gidan ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata," ta ce.

"To me kika gani?"

"Ban gani ba tukuna. Kai me ka gani?"

"Ni dai ba na so ki karɓa."

Ta dube shi, ta karɓi jakar daga hannunsa. Bas ta zo cike, ta kutsa ta samu wuri a tsaye kusa da taga. Har motar ta fara tafiya ta leƙo ta ce masa ƙarfe biyar take tashi, kuma ba ta san bas ɗin dawowa ba. Ya bi motar taku uku yana faɗa mata lambar bas ɗin, bai tabbata ta ji ba. Ƙarfe huɗu da rabi ya rufe shago ya tafi wurin aikin nata da kansa.